Sandar Jakada a Hannun Tsahara

A zamanin da aljanu ba su gama ɓuya daga idon mutane ba, an yi wata ƙasa ana kiranta Zarnau. Ba ta da kogi, rijiyoyinta kuma ɗaci gare su. Tafki ɗaya take sha, a ƙarƙashin tafkin nan kuwa akwai Lunguma, birnin aljanun ruwa. Kakan mutanen Zarnau da kakar aljanun Lunguma wa da ƙanwa ne, nono ɗaya suka sha. Don haka jikokinsu taubasai ne, in sun haɗu sai tsiya da zolaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa. Aljanun su ke sako ruwa, su ke janye shi, shi ya sa bayan sarautar sarki babu wadda ta kai ta Babban Jakada nauyi.

Sarautar nan tana da ƙaya. Duk wanda ya karɓi sandar jakadanci sai ya kai ɗan cikinsa Lunguma jingina. Yaro zai zauna can, a ci da shi a sha da shi, har ranar da aka naɗa wani jakadan da aljanu suka yarda da shi. In jakada ya mutu, tafki sai ya fara ja da baya. In har ya ƙafe ba a samu wanda suka yarda da shi ba, ƙofa ta rufe ke nan, yaron ya zama nasu har abada.

Shekarau ya daɗe da sandar nan a hannunsa. 'Yarsa Kyallu tana famfara aka kai ta Lunguma, uwarta Tsahara ba ta sake sa ta a ido ba. Sai dai duk zuwan da ya yi ya dawo ya ce mata yarinya ta ƙara tsawo, yarinya ta iya saƙa, yarinya tana gaishe ki. Da wannan take rayuwa. Ana nan rannan zazzaɓi ya kayar da shi, kafin jiƙon da ta haɗa masa ya tsumu, rai ya yi halinsa.

Ranar jana'iza Tsahara tana ɗaki, mata sun kewaye ta, sai ta ji dariyar maza a ƙofar gida. Barau ne, taubashin marigayin, wani ɗan gidan sarauta mai karatu, wanda bakinsa ya raba shi da fada. Ya tare makara ya ce, "Ku sauke shi. Bawana ne, ban 'yanta shi ba. Ina zai gudu ya bar mini noman bana?" Maza suka yi dariya suna share hawaye. Al'ada ce, Tsahara ta sani. Amma mijinta aka fitar ana dariya, ita kuwa ta riƙe dariyar nan a zuci.

Ta shiga takaba, tafki ya shiga ja. Kullum masu ɗebo ruwa suna kawo mata labari, yau ya bar gindin giginya, yau ya bar dutsen wanki. Ita ba halin fita, fada kuwa ana ta shawara ba a gamawa. Ranar da ta fita takaba ko lalle ba ta tsaya ta sa ba. Ta ɗauki sandar, domin a al'adarsu matar marigayi ke riƙe ta har ta miƙa wa sabon jakada a gaban sarkin aljanu, ta nufi fada.

Sarki Cindo yaro ne, bai daɗe a gado ba. Tsahara ta durƙusa gajeren durƙuso ta ce, "Ranka ya daɗe, tafki ya ja har ana ganin tukwanen da suka nutse tun zamanin kakanni. 'Yata tana ƙasansa. Wa kuka zaɓa?"

Sarki ya ce, "Bagudu. Shi ya sasanta mu da mutanen Tsauni, shi ya buɗe mana hanyar gishiri. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba."

Bagudu yana gefe, ya sunkuyar da kai. Tsahara ta dube shi ta ce, "Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma mutanen Tsauni surukanmu ne, waɗannan kuwa taubasai. Wa ya taɓa kai wa taubashi gaisuwar suruki?"

"Wancan zamanin ya wuce," in ji sarki. "Marigayi ya yi aikinsa, Allah ya jiƙansa. Amma kunya nake ji in baƙi suka ji cewa jakadanmu yana kiran sarki guda tsohon kwaɗo. Ƙasa mai mutunci mai ladabi take aikawa."

"Wato kunyarka ce za ta cinye mini 'ya."

Fadawa suka yi caa a kanta. Ta ɗaga murya ta danne tasu. "To a ba ni jakadancin. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, babu zagin da ya kai Lunguma da bai fara gwada shi a tsakar gidana ba."

Aka yi dariya. Waziri ya ce, "Baiwar Allah, naki ɗaukar sanda ne. Ki kai ta gaban Sarki Tambarau na Lunguma, ki miƙa wa wanda aka zaɓa, ki ɗauko 'yarki."

Ta tashi ba sallama. A ranta ta riga ta yanke, sandar nan ba za ta bar hannunta ba. In Bagudu ya kasa, ita za ta tsaya.

Da hantsi suka haɗu a bakin tafki, su uku. Na ukun Barau ne, domin taubashin mamaci ke kai hularsa Lunguma shaidar ya mutu. Yana ganinta ya washe baki ya ce, "Matar bawana, kin rame. Ashe shi ke yi miki tuwon."

Ta ce, "Barau, in ka sake yi mini magana a hanyar nan, sandar nan a kanka za ta karye."

Suka taka taɓo mai nisa kafin su kai ga ruwa. Ta daki ruwan da sanda, ya dare gida biyu, matakala ta bayyana tana gangarawa cikin wani koren haske. Suka sauka, ruwan ya rufe a kansu kamar rufin ɗaki.

A gindin matakalar wani kada yake kwance ya tare ƙofa. Haƙoransa na tagulla ne, a gadon bayansa kuka ta tsiro har ta yi 'ya'ya. Bagudu ya cire takalma, ya rusuna ya ce, "Barka da hutawa, mai tsaron ƙofa. Ina gajiya, ina iyali?"

Kada ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wannan wane ne yake gaishe ni kamar mai neman auren 'yata? Ban san shi ba, ba kuma zan matsa ba."

Tsahara ta buga masa sanda a hanci. "Matsa, mai gadin ɓarayin 'ya'ya."

Kada ya ja jiki a hankali ya ce, "Ya ke 'yar Adam, sanda na matsa wa, ba bakinki ba."

Da Barau ya zo wucewa ya toshe hanci ya ce, "Kai, tun zamanin kakana ake ba da labarin warin bakin nan, ashe ragewa aka yi."

Kada ya yi dariya har 'ya'yan kuka suka zubo. Ya ce, "Ɗan bayi, ka ci albarkacin na ƙoshi. Ku bi ta dajin, kuma in kun shiga kasuwa kada ku taya komai."

Suka shiga daji. Itatuwansa saiwoyinsu na sama, ganyensu na ƙasa, ruwan sama kuwa daga ƙasa yake tashi yana dukan haɓa. Ba su yi nisa ba sai wasu tsuntsaye masu hannuwan mutane suka taso musu, suna jifa da ƙayoyi masu tsawon kibiya. Barau ya faɗa bayan wata saiwa ya kwanta. Bagudu ne ya ware babbar rigarsa ya rufe Tsahara, ya tura ta gaba, ƙayoyi suna sauka a bayansa. Da suka fita dajin rigar ta jiƙe da jini. Tsahara ta zare masa ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana zarewa tana faɗa.

"Mutum kamarka, me ya kai ka karɓar abin da ba naka ba?"

Ya ce, "Sarki ya ce in zo, Yaya. Ban iya ce wa sarki a'a ba."

"Na ga alama."

Barau ya fito yana kaɗe jiki ya ce, "Ni na tsare muku baya." Suka ci gaba da tafiya.

Daga nan sai kasuwa. Ba a sayar da hatsi a cikinta, ba a sayar da tufafi, muryoyin matattu ake sayarwa, kowace a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Wata tsohuwar aljana mai gashin macizai ta ɗan ɗaga faifai ɗaya, sai Tsahara ta ji tarin nan da Shekarau yake yi in ya shigo zaure, sannan muryarsa tana cewa, "Ina mutanen gidan nan, an bar ni da yunwa."

Ƙafafunta suka ɗauke ta ba da saninta ba. Tsohuwar tana ja da baya da ƙwaryar, tana cewa, "Taya, 'yata, taya. Ko da kalma ɗaya." Ƙasar wurin ta fara haɗiye Tsahara, ta kai idon sawu, ta kai gwiwa, ita ko a jikinta, hannu kawai take miƙawa. Bagudu yana ta roƙon tsohuwar da girman furfurarta. Barau ya zo ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar, ya ce, "Ji malalaci, yana kabari ma tuwo yake tambaya." Muryar ta tashi sama kamar hayaƙi ta ɓace. Ya kama Tsahara a damtse ya finciko ta.

Tana samun ƙafarta ta kwaɗa masa mari. Ta ce, "Ka yi masa dariya a makara, yanzu ka zubar mini da muryarsa. Allah ya isa tsakanina da kai."

Barau ya shafa kunci ya ce, "Hannun nan da nauyi. Shi ya sa marigayi ba ya ji da kunne ɗaya." Ya wuce gaba, bai bari ta ga fuskarsa ba.

Fadar Lunguma bangonta ruwa ne a tsaye. Sarki Tambarau yana zaune a gadon bayan wani ƙaton kunkuru, gemunsa na gansakuka, ƙananan kifaye suna shiga suna fita a cikinsa. Fadawansa sun yi sahu, wasu da kan tarwaɗa, wasu da ƙafar agwagwa. A bayansa, cikin bangon ruwa, wata budurwa tana zaune tana saƙa. Tsahara ta gane ta da goshin ubanta. Ta kuma ga ɓawon kifi ya fito mata daga yatsu har gwiwar hannu, domin duk jan da tafki ya yi, ɓawon ƙara hawa yake.

Bagudu ya matsa gaba, ya zube, ya ɗebi yashi ya zuba a ka. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarkin ruwa, giwa mai tafiya da ƙasaita. Bawanka ya zo da gaisuwar Sarki Cindo, yana neman alfarma a yarda da ni jakada."

Kifayen gemun sarki suka shige ciki suka ɓuya.

Tambarau ya ce, "Ya kai ɗan Adam, tun da aka kafa Lunguma ban ji ɗan Zarnau ya kira kansa bawana da bakinsa ba. Ni ke faɗa, shi ya ƙaryata ni. Baƙo ake durƙusa wa, da wanda ake tsoro. Sarkinku ya aiko ka ka gaya mini nonon da kakanninmu suka sha ya ƙafe? Yaushe muka zama bare?"

"Ranka ya daɗe, girmamawa ce."

"Ƙara wata ka yi. To durƙuson da ka zo da shi, zauna a cikinsa."

Nan take gwiwoyin Bagudu suka zama dutse suka manne da ƙasa. Hasken fadar ya ragu, ɓawon kifin ya haura kafaɗar Kyallu.

Tsahara ta tsallake Bagudu ta tsaya a tsaye. Ta ce, "Zagi kake so, tsohon kwaɗo? Ga shi. Kun raba ni da 'yata tana famfara, ban ga fitowar haƙoranta ba, ban yi mata kitso ko sau ɗaya da girmanta ba. Mijina ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauka ramin nan yana ba ku dariya, ku da kuka san maganin kowace cuta, zazzaɓi ya ɗauke shi kuna nan kuna susar gemu. Taubasai ne ku? Masu garkuwa da 'ya'yan mutane ne ku, kuna sayar mana da ruwan Allah da jininmu."

Kowace kalma da ta fita bakinta garwashi take zama, ta faɗa bangon ruwa tana cuu. Fadawa suka dare, tabarmi suka kama hayaƙi, ruwan da Kyallu ke ciki ya fara tafasa. Yarinyar ta saki saƙa ta dafe wuya. Ganin haka Tsahara ta kama bakinta.

Tambarau ya ce, "Ya ke matar taubashina, na ji ki, kuma ba duka ne ƙarya ba. Amma wannan ba wasa ba ne, yaƙi ne. Kina son sandar ta zauna a hannunki, na gani a idonki. Bari in ba ki ɗaya ki rama. An gaya mini ba zazzaɓi ya kashe Shekarau ba, miyarki ya guda."

Ta san amsoshi, ta ji irinsu a tsakar gidanta ba iyaka. Ta buɗe baki, ko ɗaya bai zo ba. Abin da ya zo mata shi ne ƙoƙon jiƙon nan da bai sha ba. Ta ɗaga sanda za ta kai wa sarki duka, hannunta ya tsaya a sama, hawaye suka ɓalle mata.

Sarki ya ce, "Kin gani. Jakada yakan zage ni ba ya ƙina, in zage shi ba ya riƙe ni a zuci. Ke kina ƙina, kuma kina da dalili. Mai dalili ba ya jakadanci a nan."

Sai ga hula ta faɗo a cinyar sarki. Barau ne ya wurgo ta daga inda yake jingine. Ya ce, "Ga hular yaronka. Ya ce in gaya maka ya gaji da ƙarnin kifi, ya tafi inda ake turare."

Sarki ya juyo da kai a hankali. "Wannan kuma wane bawa ne? A'a, na gane ka. Kai ne Barau da gadon sarauta ya tsallake, aka ba yaron da ka goya a kafaɗa, aka bar ka da gemu da zaman gindin bishiya."

Tsahara ta san nan ne gyambon Barau, babu mai taɓa masa shi a Zarnau. Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ni ne. Gara ni, a tudu aka ƙi ni. Kai fa, da kakarka ta faɗa ruwa don kada a sa ta daka?"

Wani bafade mai kan tarwaɗa ya tuntsire da dariya, ya toshe baki.

Sarki ya ce, "Kakanka kuwa da ya ga ruwa ya ruga tudu, shi ya sa har yau ba ku san wanka ba."

"Mu muna wanka mu fito. Ku kun shekara dubu a ciki, har yanzu ba ku fita ba."

"Zan sa kunkurun nan ya zauna a kanka."

"Ka tambaye shi tukuna ko zai iya tashi. Abin da yake ɗauke da shi ba kaɗan ba ne."

Tambarau ya fashe da dariya, kunkuru ma ya leƙo da kai yana dariya. Bangon ruwa ya huce, ya kumbura, haske ya dawo. Sarki ya yi ta dariya yana juya hular a hannu, har dariyar ta koma wani abu dabam. Ya kifa fuskarsa a cikin hular ya ce, "Ɗan banzan nan ya tafi bai sallame ni ba."

Barau ya ce, "Ni ma haka ya yi mini." Ya goge ido da hannun riga. Tsahara ta gani, ta kau da kai.

Da sarki ya ɗago ya ce, "Ya ke matar taubashina, mu ba ma naɗawa, yarda kawai muke yi ko mu ƙi. Sanda tana hannunki. Wanda kika miƙa wa, in mun yarda da shi, 'yarki ta fito yanzu, shi kuma ya kawo nasa jinginar kafin kasuwarmu ta sake ci."

Barau ya matso kusa da ita. Babu wasa a fuskarsa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tsahara, kada ki ba ni. Hula na kawo, ba neman sarauta na zo ba. 'Yata ɗaya ce, Hansatu, sauran duk na binne su. Ki ba Bagudu, 'ya'yansa da yawa, ni zan koya masa."

Ta ce, "Za su yarda da shi?"

Ya yi shiru.

"Ni fa?"

Ya yi shiru.

"To gaya mini gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Ka cancanta ko ba ka cancanta ba?"

Ya ce, "Na cancanta. Shi ya sa nake roƙonki."

Ta dubi bangon ruwa. Ɓawon ya kai haɓar Kyallu. Ta tuna Gwamma, matar Barau, wadda ta kwana biyu tana taya ta zaman makoki. Zuciyarta ta tafasa da sarkin da ya aiko mutumin kirki ya zama dutse, da aljanin da ke kuka a hula yana riƙe da 'yar mutane, da kakannin da suka ƙulla wannan abu suka mutu suka bar mata da shi. Babu wanda za ta doka a cikinsu. Ta kama hannun Barau, ta buɗe yatsunsa da ƙarfi, ta danna masa sandar.

Ta ce, "Ba don ina ƙaunarka ba."

Ya ce, "Na sani." Ya rufe hannunsa a kanta.

Tambarau ya miƙe tsaye ya ce, "Mun yarda da wannan bawa. Ku shaida, ya ku mutanen Lunguma, Zarnau ta sake aiko mana da marar kunya."

Bangon ruwa ya tsage, Kyallu ta fito, ɓawon yana zuba daga jikinta kamar ƙaiƙayi. Ta tsaya gaban Tsahara tana kallonta, ta ce, "Ke ce Inna? Baba ya ce doguwa ce mai faɗa." Tsahara ta kama hannuwan yarinyar tana juya su, tana duba ko ɓawon ya bar tabo.

Barau bai ɓata lokaci ba. Ya nuna Bagudu da sanda ya ce, "Sakar mini wannan, kana da duwatsu da yawa." Sarki ya sake shi, Bagudu ya tashi yana ɗingishi. Barau ya ce, "Saura ɗaya. Sarki guda da gemu har cibiya, ba ka jin kunyar renon 'ya'yan mutane? A bar jinginar nan haka."

Tambarau ya yi murmushi ya ce, "Ka iya, taubashi. Amma wannan ba ni na ƙulla ba, ba kuma kai za ka kwance ba. Ka dawo da maganar wata shekara, mu sake gwadawa."

"Zan dawo da ita duk shekara har ka gaji."

"Haka Shekarau ma ya ce."

Suka hau matakala su huɗu, ruwa yana bin dugadugansu. Kafin su kai gaɓa tafki ya cika har gindin giginya. Gari ya fito da ganguna, Sarki Cindo yana gaba. Da ya ga sanda a hannun Barau ya ɗan yi turus, sannan ya ce wa fadawa, "Dama abin da muka nufa ke nan." Maroƙa suka ɗauka.

Tsahara ta wuce ta gabansa ba ta durƙusa ba. Ta kai Kyallu gida ta zaunar da ita a ɗakin ubanta, ta ce tana zuwa. Ta bi ta lungu don ta riga masu ganga, ta shiga gidan Barau.

Gwamma tana zaune a tsakar gida, Hansatu ta kwantar da kai a cinyarta ana yi mata kitso, an gama gefe ɗaya. Gwamma ta ɗago da fara'a ta ce, "Lale, Yaya, kun dawo? Ina Kyallu?"

Tsahara ta ƙi zama. Ta ce, "Tana gida. Mijinki ne jakada. Ya roƙe ni kada in ba shi, na ba shi. Ni na yi, da hannun nan. Na zo ki ji daga bakina, ki zage ni, ki doke ni in kina so, ba zan rama ba."

Hannun Gwamma ya tsaya a cikin gashin yarinyar. Ganguna suna matsowa. Hansatu ta ce, "Inna, kin ja mini."

Gwamma ta sassauta yatsunta. Ba ta dubi Tsahara ba. Ta ɗebi mai ta shafa a tsagar, ta ce, "Matsa mini daga haske, Yaya. Bari in gama mata kitson."